Wa ya kashe mujallun wasanni, waya ce ko siyasa?

Baba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na biya wajen mai jaridar da nake ciniki da shi tun ina saurayi, nan kusa da Bata. Teburin da a da ba ka iya ganin katakonsa saboda jaridu da mujallu, yanzu jaridun ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sauran wurin cajar waya ce da katin waya. Na tambaye shi mujallar ƙwallo, ya ce rabon da a kawo masa har ya manta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Kowa cewa yake waya ce ta kashe mujalla. Ni ban yarda ba. A ganina siyasa ce. Mu da muke sayen Complete Football da Shoot, ƙwallo muke nema, hoton 'yan wasa, jadawalin maki, hira da koci. Da aka fara cika shafi da rikicin hukumar ƙwallo, wane ɗan Kudu ne wane ɗan Arewa ne, da hoton kwamishina yana miƙa kofi, sai mutane suka janye jiki. Yanzu ma ka kunna shirin wasanni a rediyo, rabin lokacin gaisuwa ce ga mai girma wane. Ko ni kaɗai nake ganin haka?

Abba_Gunners:
Wa alaikumus salam Baba. Da girmamawa, waya ce. Ana tashi daga wasa ƙarfe goma na dare, kafin in fito daga gidan kallo na ga ƙwallayen sau uku a wayata. Me zai sa in jira mujallar da za ta fito bayan sati biyu ta gaya mini abin da na riga na gani?

SaiMasuGida_90:
Abba ya faɗi gaskiya, amma Baba ma bai yi ƙarya ba. Duk biyun akwai.

Tsohon_Dillali:
Bari in sa baki, domin sana'ata ce ta shekara ashirin da ɗoriya. Da asuba muke zuwa karɓar kaya. Ranar Litinin ita ce kasuwarmu, musamman in manyan ƙungiyoyin Ingila sun haɗu a ƙarshen mako. Jaridar wasanni kafin ƙarfe tara ta ƙare, har sai na ɓoye wa masu ciniki na kullum a ƙarƙashin tebur. Ga kuma 'yan karatun tsaye, waɗanda ba sa saye, su ba ka ɗan canji su karanta su mayar, su tsaya suna musu har azahar.

Baba_Fagge, abin da na gani da idona shi ne, ranar da rikici ya ɓarke a hukumar ƙwallo, ranar jarida ta fi tafiya. Mutane suna son rigima, kada ma a musa. Abin da ya karya mu abu biyu ne. Na farko waya: ta shigo a 2001, amma ba ta taɓa mu sosai ba sai da masu intanet suka yi arha suka shiga hannun kowa. Na biyu tsada. Mai gida da yake lissafin kuɗin cefane da na Adaidaita Sahu ba zai cire kuɗin jarida ba. A ƙarshe abin da muke mayarwa ya fi abin da muke sayarwa, manyan masu sayenmu suka koma masu tsire da masu ƙosai da suke auna tsohuwar jarida a kilo.

Baba_Fagge:
Allah sarki, Tsohon_Dillali, ka tuna mini da 'yan karatun tsaye. A nan muka koyi musu da hujja, domin in ka yi ƙarya sai a buɗe shafi a nuna maka.

Malam_Kabuga:
Ina ganin an sa keke a gaban doki, ko in ce an ɗauki rassa an bar saiwa. Baba, siyasa ba baƙuwa ba ce a wasanni, kuma lokacin da mujallu suke tashe ma tana nan. A 1967 Muhammad Ali ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, aka ƙwace masa kambunsa, mujallun Amurka suka yi ta rubutu a kai, ba su mutu ba. A nan gida, a 1996 Janar Sani Abacha ya hana Super Eagles zuwa kare kofin Afirka a Afirka ta Kudu, bayan takun saƙa da Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta hana mu buga na 1998. Akwai siyasar da ta wuce wannan? Amma a shekarun nan ne jaridun wasanni suka fi kasuwa a Najeriya. Complete Sports ma a 1995 ta fara fitowa.

Dubi inda ba a san Kwankwasiyya ko Gandujiyya ba. Sporting News ta Amurka ta daina bugawa a takarda a 2012. Mujallar ESPN ta daina a 2019. Sports Illustrated, da aka kafa tun 1954 tana fitowa duk mako, ta koma wata-wata a 2020, a farkon 2024 kuma aka sallami ma'aikatanta da yawa. France Football, wadda ta ƙirƙiro kyautar Ballon d'Or a 1956, ita ma ta koma wata-wata a 2021. Babban dalilin shi ne: masu talla sun kwashe kuɗinsu sun kai Google da Facebook. Mujalla ba da kuɗin mai karatu kaɗai take rayuwa ba, talla ce ƙashin bayanta.

Engr_Hotoro:
Malam, amma a Amurkan ma an yi wannan musun. Da Colin Kaepernick ya fara durƙusawa lokacin taken ƙasa a 2016 saboda kisan da 'yan sanda suke yi wa baƙar fata, jama'a da yawa sun ce kafafen wasanni sun koma na siyasa, sun daina kallo. Ke nan maganar Baba tana da magoya baya har can.

Malam_Kabuga:
Injiniya, an yi musun, ban ƙi ba. Sai dai Sporting News shekara huɗu da barin takarda kafin Kaepernick ya durƙusa. Ciwon ya riga shi zuwa.

Mai_Buga_Takarda:
Ni madaba'a nake aiki. Ku ƙara da takarda a lissafinku. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta daɗe da durƙushewa, haka ta Iwopin. Takarda, tawada, faranti, duk daga waje ake shigo da su da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, bayan cire tallafin mai, farashin da na ba ka yau ba lallai ya kai jibi ba. Mujalla kuma takarda mai sheƙi take so da launi huɗu. Ga dizal. Wanda yake kawo mana aiki mai kauri yanzu, in ba littafin makaranta ba, to fasta ce ta ɗan takara ko kalandar biki.

Alkalami_Ya_Bushe:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Na yi shekara goma sha ɗaya ina rubuta labarin wasanni a wata jarida, ba zan faɗi sunanta ba. Baba_Fagge, abin da ka gani gaskiya ne, amma ka gan shi ta baya. Ba siyasa ce ta kori mai karatu ba. Mai karatu ne ya tafi, siyasa ta shigo ta zauna a kujerarsa.

Ga yadda abin yake. Lokacin da jarida take sayuwa, edita tsoron mai karatu yake. In ka rubuta shirme, wasiƙu za su zo. Da ciniki ya faɗi, albashi ya fara yin wata uku, wata biyar bai zo ba. Aka kai matsayin da za a ba ka katin shaida a ce ka je ka nemi na kanka. To ƙungiya za ta tafi wasa Aba ko Fatakwal, waye zai biya maka mota da masauki? Shugabannin ƙungiyar. A motarsu za ka tafi, abincinsu za ka ci, a ba ka na goro a ambulan in an dawo. Ka dawo ka rubuta cewa 'yan wasa suna bin bashin alawus na wata huɗu? Na taɓa rubutawa. Labarin bai fito ba, tafiya ta gaba kuma babu sunana a jerin. Yaron da ya ba ni labarin, ɗan wasan baya ne, matarsa tana da tsohon ciki a lokacin, ya kira ni yana tambaya ko an buga. Har yau ina jin nauyin amsar da na ba shi.

Kuma ku tuna yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne: Pillars ta Kano, Katsina United, Wikki ta Bauchi, El-Kanemi ta Borno, Enyimba ta Abiya, Rangers ta Inugu. Gwamnati ce take naɗa shugabanni, in ta sauya su ma su sauya. Don haka in ka soki koci, sai a ce gwamna kake suka. In ka yaba, 'yan adawa su ce an saye ka. Babu inda za ka tsaya a ce ƙwallo kawai kake magana.

Hajiya_Zoo_Road:
Innalillahi. Wannan bayani ya taɓa ni. Allah Ya saka maka da alheri da ka faɗi gaskiya.

SaiMasuGida_90:
Shi ya sa da Pillars ɗinmu ta faɗa ajin gajiyayyu a 2022 babu wanda ya zauna ya yi mana bincike mai zurfi a kan yadda ƙungiyar da ta ci gasa a 2008, ta kuma ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta lalace haka. Kowa ya kama ɓangarensa. Masu jar hula suna cewa laifin gwamnatin lokacin ne, su kuma suna cewa zagon ƙasa aka yi. Mu da muke shan rana a filin Sani Abacha aka bar mu da hawan jini. Alhamdu lillahi mun dawo a 2023, amma tambayar tana nan ba a amsa ba.

Dan_Kurna:
Ka faɗi gaskiya duka mana. Mu magoya baya ba mu da laifi? Abin da ya faru a wasan Katsina United a shekarar, aka farfasa musu mota, aka ci tarar ƙungiya aka mayar da wasanninmu Abuja, ɗan siyasa ne ya yi jifan? Ko da akwai mujalla goma, in ta rubuta laifinmu mu ne za mu fara zaginta.

SaiMasuGida_90:
Ban kare masu jifa ba, Dan_Kurna. 'Yan tsiraru ne suka ja mana.

Galadanci_Boy:
Ni maganar Kudu da Arewa da Baba ya ambata nake so a dawo kanta, domin an wuce ta da sauri. Ina filin wasa ranar da Najeriya ta yi 1-1 da Angola a nan Kano a Yunin 2005, a wasan neman shiga gasar kofin duniya. Okocha ya ci da bugun tazara tun farkon wasa, suka farke bayan hutu. Muka ƙare makinmu daidai da nasu, suka tafi gasar a Jamus saboda sun ci mu a Luwanda. Me jaridun Legas suka yi? Suka ɗora laifin a kan zafin ranar Kano da Alhaji Ibrahim Galadima, da yake shi ne shugaban hukumar ƙwallo a lokacin, wai ya kai wasa garinsu. Kamar 'yan Angola a inuwa suka buga. Kano ɗin da ta karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da kofin Afirka a 2000. Daga wannan lokacin na rage sayen jaridun wasanni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Saboda haka kada a ce siyasa ba ta kori kowa ba. Ni ta kore ni.

Baba_Fagge:
Yawwa! Galadanci_Boy ka faɗi abin da na kasa tsarawa. Haka aka yi wa Sani Kaita a gasar kofin duniya ta 2010 da ya karɓi jan kati a wasan Girka. Ya yi kuskure, kowa ya sani, amma zagin ya wuce kansa ya hau kan yankinsa gaba ɗaya.

Engr_Hotoro:
A yi adalci dai. Yakubu Aiyegbeni ma ya sha zagi a gasar nan kan ƙwallon da ya ɓarar a wasan Koriya ta Kudu, shi kuwa ɗan Edo ne. Kuma da Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, jaridun Legas ɗin nan su suka ɗaga shi sama. Ba kullum ne ƙabilanci ba.

Alkalami_Ya_Bushe:
Duk kun yi daidai, amma ku tambayi kanku me ya sa muke jiran Legas ta ba da labarinmu. Tun 1939 aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Triumph a 1980, da Albishir, da Alfijir ta ajami. Aminiya ta zo a 2006. Duk suna da shafin wasanni, amma shafi ne a baya, ɗaya ko biyu. Harkar fim ta samu mujallarta ta Hausa tun 1999. Ƙwallo fa, da take tara dubban mutane a Ƙofar Mata duk mako biyu? Attajiranmu ba su ga riba a ciki ba, kamfanonin da za su ba da talla kuma hedikwatarsu tana Legas.

Ummu_Hanan:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare. Mu mata mun riga ku ganin wannan sauyi. A da littattafan Hausa haya muke karɓa a unguwa, a kasuwa kuma shaguna ne cike. Yanzu marubuciya a WhatsApp take sakin littafinta shafi-shafi, ki tura kuɗi a sa ki a rukuni, ko ki saurara ana karantawa a YouTube kina aikin gida. Babu siyasa a ciki, amma takarda ta ja baya. Karatun bai mutu ba, wuri ya sauya. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne matan suna biya. To ku maza masu son ƙwallo, akwai wanda zai tura ko naira ɗari biyar a wata don a rubuta masa labarin Pillars na gaskiya?

Abba_Gunners:
Anti, gaskiya da wuya. Mun saba da kyauta. Ga BBC Hausa, ga Freedom, ga shafuka barkatai a Facebook.

Ummu_Hanan:
To ka ga inda gizo yake saƙa, ƙanena. Kuna biyan kuɗin gidan kallo duk mako don Arsenal. In ba ku biya marubuci ba, wani zai biya shi, kuma wanda ya biya shi ne zai faɗa masa abin da zai rubuta. Abin da Alkalami_Ya_Bushe yake faɗa ke nan tun ɗazu.

Hajiya_Zoo_Road:
Kuma ko lokacin da mujallun suke da rai, ina labarin mata a ciki? Super Falcons sun ci kofin Afirka na goma a Yulin 2025, sun doke Maroko 3-2 a Rabat bayan an fara cin su biyu. A waya 'ya'yana suka nuna mini. Ni kam ban yi asarar komai ba da tafiyar mujalla.

Guramada_Na_Asali:
Haka dambe. Wace mujalla ce ta taɓa zuwa Ado Bayero Square ta ɗauki damben Kudu da Arewa da Guramada? Waya ce ta fitar da mu duniya. Yanzu ana kallon dambenmu a ƙasashen da ba su san Hausa ba.

Musa_Dorayi:
Ni dai ban yarda a ce a raba wasa da siyasa ba, domin masu faɗin haka su ne suke fara haɗawa. A 2022 cikin kwanaki kaɗan FIFA da UEFA suka dakatar da Rasha saboda Yukiren. Amma da Mesut Ozil ya yi magana kan Musulmin Uighur a 2019, Arsenal cewa ta yi babu ruwanta da siyasa. Anwar El Ghazi kuma ƙungiyar Mainz ta Jamus ta kore shi a 2023 saboda rubutunsa kan Gaza, sai kotu ce ta ba shi gaskiya daga baya. Gasar kofin duniya ta Ƙatar fa? BBC ba ta nuna bikin buɗewa a babbar tasharta ta talabijin ba. In marubucin wasanni ya yi shiru a kan waɗannan, bai yi aikinsa ba.

Baba_Fagge:
Musa, ba irin wannan nake ƙi ba. Faɗin gaskiya a kan zalunci daban, fadanci daban. Abin da ya dame ni shi ne salon sojojin baka ya shigo shirin wasanni. A kira mutum ya yi sharhin wasa, sai ya ɓuge da kirarin uban gidansa.

Malam_Kabuga:
To Baba, ka ga yanzu maganarka ta sauya kaɗan daga yadda ka fara. Da fari cewa ka yi siyasa ta kashe mujalla, yanzu kuma fadanci kake kuka da shi.

Baba_Fagge:
Wataƙila, Malam. Na karɓi maganar takarda da talla, ban san su haka ba. Amma ban janye ba duka, shaidar Galadanci_Boy tana nan.

Bari in faɗi abin da ya fi ci mini rai. Jikana ya tambaye ni ko Kano ta taɓa yin wata babbar ƙungiya kafin Pillars, da yake ya ji an kafa ta a 1990. Na ce masa Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978. Ya ɗauko waya ya bincika, abin da ya samu bai fi layi kaɗan ba, babu hoton kirki, babu labarin wasannin. Ni kuma ina da tsofaffin jaridu da mujallu a cikin adaka, har da na gasar zakarun Afirka ta 2009 da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofi bayan 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta cire mu. Da na kakar da Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18. Shafin Facebook kuwa, ranar da aka rufe shi ko mai shi ya rasu, shi ke nan. Wasan da aka buga makon jiya a Sabon Gari, wa zai nemo shi bayan shekara talatin?

Abba_Gunners:
Wannan kam ban taɓa tunaninsa ba. Ni kaina hotunan da na ɗauka ranar da Pillars ta ci kofin Aiteo a Kaduna a 2019 sun tafi da wayar da aka sace mini.

Dan_Kurna:
Takarda ma gara tana ci, ruwa yana lalatawa. Na mahaifina damina ɗaya ta gama da su.

Mai_Buga_Takarda:
Baba, in za ka yarda, ka kawo su ko in zo in ɗauka. Muna da na'urar ɗaukar hoton takarda babba, zan yi maka kyauta bayan an tashi daga aiki, a mayar maka da kayanka yadda suke. Sai dai kada a naɗe su, kuma a raba waɗanda danshi ya taɓa da sauran.

Alkalami_Ya_Bushe:
Ni ma ina da kwali biyu, har da rubuce-rubucen da ba a buga ba. Wancan labarin na alawus yana ciki.

Tsohon_Dillali:
Akwai wani abokin sana'ata a Sabon Gari da bai taɓa sayar wa masu tsire nasa ba, ɗaki guda ya cika. Zan yi masa magana gobe in Allah Ya kai mu, amma ban yi alkawarin zai yarda su fita daga gidansa ba.

Baba_Fagge:
Madalla. Mai_Buga_Takarda, Asabar bayan azahar ina gida, zan sa yara su sauko da adakar. Ka zo da babbar jaka, na 1978 ɗin sun yi laushi sosai.